Baiwa ta zaɓi fage, sha'awa ta zaɓi gurbi

A Kumasi ta ƙasar Gana yawancin yaranmu na zango ba sa zaɓen sana'a bayan sun girma sun san duniya. Suna zaɓenta ne suna 'yan shekara 14 ko 15, a ajin ƙarshe na JHS, wato ƙaramar sakandare, lokacin da aka miƙa musu fom ɗin zaɓen sakandare, alhali ko sakamakon BECE, jarrabawar gama JHS, bai fito ba. A wannan takarda ake rubuta sunan makaranta, a kuma rubuta fannin da yaro zai karanta: kimiyya, ko kasuwanci, ko General Arts, ko zane da ƙira, ko ilimin kula da gida, ko noma, ko aikin fasaha. Tun 2005 kwamfuta ce ke rarraba yara bisa abin da suka cike da makin da suka samu. Tun kuma da aka fara sakandare kyauta a 2017, gidajen da a da ba sa kai yaro wannan mataki su ma yanzu takardar na shigo musu. Layi ɗaya a cikinta yana rufe ƙofofi. Yaron da bai karanta fizis da kemistri da lissafin nan mai zurfi da ake kira E-Maths ba, ba zai shiga injiniyanci a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, ba, ko da bayan shekara uku ya gano can zuciyarsa take.

A kan wannan takarda gardama ke tashi a tsakar gida. Wani ya ce a bar yaro ya bi abin da yake so, don mai son aikinsa ba ya jin gajiya. Wani ya ce a bi abin da Allah ya ba shi hannu a kai, don so ba ya ɗora tukunya. Ni a ganina baiwa ce ya kamata ta zaɓi fage, sha'awa kuma ta zaɓi gurbin da mutum zai tsaya a cikin fagen. Amma kafin a kai ga haka, dukkansu biyu sai an gwada su, domin abin da muke kira baiwa da abin da muke kira sha'awa a gidajenmu, sau da yawa zato ne da ba a taɓa ɗora masa nauyi an ga ko zai ɗauka ba.

In yarinya ta ce, "Mma, ni nas nake so in zama," a tambaye ta me ta gani. Yawanci abin da ta gani shi ne kayan aiki masu tsabta, da albashin wata, da yadda unguwa ke girmama 'yar maƙwabta da ke aiki a asibitin Komfo Anokye. Wannan son sakamako ne, kuma ba laifi ba ne, kowa na son ya ga haske a gabansa. Sai dai aikin kansa wani abu ne daban. Akwai kwanan dare a tsaye, akwai wanke miki mai wari, da kwashe bahayar marar lafiyar da ba ya iya tashi, da rubuta rahoto da ƙarfe uku na dare ba tare da kuskuren lamba ba. Akwai lissafi ma. Idan maganin zazzaɓin yara na ruwa yana da miligiram 120 a kowane mililita 5, likita kuma ya rubuta miligiram 240, dole ta san mililita 10 za ta ba da, nan take, uwar yaro na tsaye a kanta tana kuka. Wadda ta ga wannan ɓangare da idonta ta ce har yanzu tana so, ita ce ke da sha'awa ta gaskiya. Kowace sana'a tana da irin wannan ɓangare mai gundura ko ƙyama, kuma shi ne ke cin mafi yawan awannin aiki. Da shi ake auna so.

Ƙwallo ita ce misalin da ya fi taɓa samarinmu. Mohammed Kudus ɗan unguwar Nima ne a Accra, kuma duk yaron da ke buga ƙwallo a filin ƙasa a Aboabo ko Asawase ya san haka. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne tun yana ƙaramin yaro masu idon gane 'yan wasa suka tsamo shi suka kai shi makarantar Right to Dream, ya yi shekaru ana horar da shi kafin ya tafi Denmak, daga nan Ajax, daga nan Ingila. Ba son ƙwallo ne ya raba shi da sa'o'insa ba, don duk suna sonta. Saurayin da ya kai 20 babu wata ƙungiya mai rajista da ta neme shi, ya kamata wani mai ƙaunarsa ya zaunar da shi ya gaya masa gaskiya, tun kafin wani dillali ya karɓe kuɗin filin gidansu da sunan zai kai shi gwaji Turai.

To ita baiwar fa, yaya ake gane ta? Mu dai mun saba da hanya ɗaya, wato matsayin yaro a aji. Wanda ya zo na ɗaya mai ƙwaƙwalwa ne, wanda ya zo na talatin a kai shi Magazin, wato unguwar makanikai ta Suame. Wannan rabo ya cuci ɓangarorin biyu. Ya tura masu haddar littafi zuwa kimiyyar da ba su fahimta, ya kuma mayar da sana'ar hannu wurin jibge waɗanda aka yanke wa ƙauna, alhali tana bukatar kai fiye da yadda ake zato.

A je Suame Magazin a tsaya wajen mai gyaran wutar mota. An kawo mota ana cewa batir na mutuwa kowace safiya. Yaron shago na farko zai ce a sayi sabon batir. Na biyu zai ɗauko mita ya ɗora kan batir ɗin mota na kashe: in ya cika zai nuna wajen bolt 12.6. Sai ya ce a tayar, ya sake dubawa. In altaneta na caji, lambar za ta hau zuwa wajen 14. In ta tsaya ƙasa da 13, caji ba ya shiga. Ko a nan ma ba zai yi saurin cewa altaneta ta mutu ba. Zai taɓa bel ya ji ko ya saki, ya duba fiyus, ya kankare kan batir in ya yi gishiri, ya bi wayar da ta haɗa batir da jikin mota. Idan duk lafiya suke, zai fara zargin akwai abin da ke shan wuta da dare, wataƙila rediyon da aka jona ba bisa ka'ida ba, sai ya riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har ya ga inda shan ya tsaya. Yaran nan biyu masta ɗaya ya koya musu. Bambancin shi ne na biyun ba ya tsallake mataki, kuma ba ya yarda da amsar farko da ta zo masa. Wannan halin shi ne baiwar, kuma irinsa ake nema a wurin injiniya da likita da mai binciken kuɗi. Motocin da ake shigowa da su yanzu cike suke da kwamfuta, sai an jona musu na'ura ƙarƙashin sitiyari an karanta lambobin matsala da Turanci. Saboda haka wanda aka kai Magazin don "boko ya ƙi shi" zai tarar boko na jiransa a can.

Haka abin yake a shagon ɗinki. Taka keke kusan kowa na iya koya cikin 'yan watanni. Yanka shi ne wurin rabuwa. A ba yarinya atamfa yadi 6 a ce ta fitar da kaba da silit, wato riga da dogon siket. Mai ido za ta fara shimfiɗa zanen ta ga inda furen ya fuskanta, don kada hannu ɗaya ya fito furensa na kallon sama, ɗayan na kallon ƙasa. Za ta lura zanen ya haɗu a ɗinkin tsakiyar baya, ta bar rarar inci guda a gefe don ranar da mai kaya za ta ƙara jiki, ta kuma lissafa yadda ɗankwali zai fita a ragowar. Wata kuwa za ta shekara uku a shago tana son ɗinki da zuciya ɗaya, amma kullum madam ce ke yanka mata. Ranar da aka yaye ta ta buɗe nata shago, zanen mutane za ta yi ta biya.

Daga waɗannan ana iya fitar da alamomin da iyaye za su lura da su ba tare da kayan gwaji ba. Yaro na kama abin da sauri fiye da sa'o'insa da suka fara tare. Yana ganin kuskure kafin a nuna masa, har a aikin kansa. Aikinsa ba ya lalacewa sosai in ya gaji ko an matsa masa. Alama mafi ƙarfi kuma, mutanen da ba danginsa ba suna kawo masa aikin da kansu: maƙwabta na miƙo masa wayarsu, 'yan ajinsu na zuwa ya warware musu lissafi, malamin Islamiyya na ba shi ƙananan yara ya biya musu karatu don ya ga suna fahimta a bakinsa. Yabon uwa da na kaka yana da daɗi, amma ba hujja ba ne.

A ɓangaren boko, kada a dubi jimillar maki kaɗai. A ɗauko takardun sakamakon zango shida na baya, a bi darasi ɗaya ɗaya a ga wanne ke tsaye da ƙafarsa ko da an canja malami. Darasin da makinsa ya hau lokacin wani malami ya faɗi da ya tafi, malamin ake so, ba darasin ba. Sannan a samo tambayoyin BECE na shekarun baya, a zaunar da yaro da agogo, ba littafi, ba waya, a ba wani malami da ba ya koyar da shi ya duba. Darussan Career Technology da na zane da ƙira da aka shigar cikin sabon tsarin JHS su ma a kalle su da idon basira, don a nan hannun yaro ke fara nunawa. Dalilin wannan binciken yana gaba. Jami'o'in gwamnati suna neman A1 zuwa C6 a darussa shida na WASSCE, wato jarrabawar gama sakandare, uku na dole har da Turanci da lissafi, uku na fanni. Da yake A1 maki 1 ne, C6 kuma maki 6, jimillar 36 ita ce iyakar shiga, mafi kyau kuma 6, kuma fannoni irin su likitanci kusa da 6 ɗin ake yanke su. Yaron da ke fama da lissafin JHS aka tura shi kimiyya don a ce ɗan Alhaji na karatun likita, abin da ya fi yawan faruwa shi ne ya fito da D7 ko E8 a kemistri da E-Maths, ya shekara biyu yana maimaita Nov-Dec, wato WASSCE ta masu zama da kansu, alhali da kasuwanci ko General Arts ya yi, da ya fito da makin da zai kai shi jami'a kai tsaye. Sharuɗɗan kowane fanni suna ɗan sauyawa, musamman da gyaran manhajar sakandare na 'yan shekarun nan, don haka a nemi takardar sharuɗɗan shiga ta jami'ar da ake hari a karanta kafin a cike fom, ba bayan shekara uku ba. A kuma tuna a ka'idar 2025 makarantun rukunin A, wato waɗanda aka fi rububi, guda ɗaya tak aka yarda a zaɓa, kuma gurbin kimiyya a irin su Prempeh da Opoku Ware ya fi kowane gurbi tsada a maki.

Masu cewa a bi sha'awa suna da hujja mai nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Akwai mutanen da suka ƙware a abin da ba sa so. Yaro ya iya lissafi, aka ce to akanta zai zama, ya zama, yana yin aikin daidai, amma kullum da safe kamar ana jan sa da igiya. Irin wannan ba ya ƙara ilimi bayan takardar farko, ba ya zama jarrabawar ƙwararru ta ICAG, cibiyar ƙwararrun akantoci ta Gana, kuma bayan shekara goma wanda bai kai shi kai ba amma yana son aikin ya wuce shi. Gaskiya ne kuma yawancin sana'o'i ba sa neman gwani na gwanaye. Suna neman iyawa daidai gwargwado, daga nan naci ne ke raba mutane, naci kuwa daga so yake fitowa.

Abin da na ƙi yarda da shi shi ne a ce wannan hujja ta rushe maganar baiwa. Kuskuren da aka yi wa wancan akanta shi ne an ɗauki baiwa ɗaya an ɗaura mata sana'a ɗaya. Iya lissafi fage ne mai faɗi. A cikinsa akwai awon filaye ga mai son yawo a waje, akwai ƙididdigar kayan gini ga mai son ganin bene na tashi, akwai rubuta manhajar kwamfuta, akwai koyarwa ga mai son mutane, akwai kasuwancin hatsi da goro da shanu inda mai saurin lissafin riba da faɗuwa ke cin kasuwa. A nan sha'awa take da cikakken iko, kuma bai kamata uba ya sa baki ya hana ba. Haka in aka juyo ta ɗaya gefen. Mai son harkar lafiya da kemistri ya ƙi shi bai rabu da asibiti ba, akwai kula da bayanan marasa lafiya, akwai gudanarwa, akwai gyaran na'urorin asibiti ga mai hannu. Mai son ƙwallo da ƙafarsa ba ta kai ba yana iya zama alƙalin wasa, ko koci, ko mai gasa ƙashi da motsa jiki, ko mai sharhi a rediyo in yana da baki, gidajen rediyonmu masu shirin Hausa kuwa suna bukatar wanda ya san wasan da gaske. Yarinya mai son kwalliya da ta iya lissafi tana da wuri a sashen ɗinki da zane na Jami'ar Fasaha ta Kumasi, inda ake koyon zana fatan a takarda da fitar da farashi, abin da yawancin shagunan unguwa ba sa koyarwa.

Akwai lokacin da zan ce a bar sha'awa ta yi gaba ko da wata baiwar ta fi fitowa fili. Shi ne in son ya daɗe, shekara biyu ko fiye, ba wanda ke tura shi, ya kuma bar shaida da za a iya taɓawa: littafin zane da ya cika, rediyo da fanka da ya kwance ya mayar suka yi aiki, kuɗin da ya tara da kansa ya sayi kayan aiki. Sannan wani masanin sana'ar da ba ya jin kunyar gidan ya duba ya ce iyawarsa ta kai a gina a kai. In waɗannan sun haɗu, hana shi zalunci ne, ko da ya fi kowa maki a wani darasin.

Jiki ma yana da nasa hukunci, kuma mun fi yawan mantawa da shi. Wanda ba ya bambance launuka da kyau bai dace da aikin wayarin ba, inda ruwan ƙasa ke nufin wuta, shuɗi ke nufin dawowa, kore da rawaya kuma na ƙasa. Gwajin ido na 'yan mintoci a asibiti ya isa a gano. Mai asma zai sha wuya a fentin mota ko cikin ƙurar katako a Sokoban. Mai sikila, ga ta da yawa a cikinmu, aikin ƙarfi cikin rana da ƙarancin shan ruwa na tayar masa da ciwo. A san wannan kafin a biya kuɗin shiga, don kada yaro ya bar aiki a tsakiya a ce masa rago.

Gaskiyar da ta fi ɗaci ita ce a gidaje da yawa ba baiwa ake bi ba, ba sha'awa ba. Ana bin sunan da za a faɗa a wurin suna da biki, ko kuwa mastan da ya fi kusa da gida, ko sana'ar da aka gada. Gado ba abin yarwa ba ne. Ɗan mahauci da ya taso yana ganin yadda ake duban sa a kimanta nauyinsa yana da jari da ba a saye da kuɗi, ga abokan ciniki a shirye. Amma a cikin 'ya'ya biyar ba duka ne za su ɗauko hannun ba, kuma wanda bai ɗauko ba bai yi wa gida laifi ba. 'Yan mata su suka fi shan wannan. Da an ga yarinya, ɗinki ko kitso ko ilimin kula da gida, ba a ko tambayi malaminta na lissafi me ya gani ba. Nawa ne cikin masu tallan koko da wake da shinkafa a bakin titi suke riƙe da bashin mutum arba'in a ka ba tare da rubutu ba, su kuma ba da canji ba kuskure? Wannan kai ne da ya cancanci a gwada shi a aji.

Gwaji mafi arha yana nan a hannunmu, muna barinsa yana wucewa. Tsakanin gama BECE da shiga sakandare akwai makonni da yara ke zaune a gida, haka bayan WASSCE akwai watanni. A nemi wuri biyu, ɗaya na abin da yaro ke cewa yana so, ɗaya na abin da ake ganin ya iya, ya yi mako huɗu zuwa shida a kowanne, daga buɗe shago har rufewa. Mako ɗaya bai isa ba, don a makon farko komai sabo ne, komai na burgewa. A mako na uku ake ganin ko zai tashi da kansa bayan asuba ko sai an tashe shi. A ƙarshe uba ko kawu ya je shi kaɗai ya sami mai wurin ya ce, "Masta, don Allah kada ka duba fuskata. Da ɗanka ne, za ka bar shi a wannan aiki?" Sannan ya tambayi abu takamaimai: me aka nuna masa sau ɗaya ya riƙe, me aka nuna masa sau biyar bai riƙe ba, yana tambaya ko sai an ce ya yi. Inda doka ba ta yarda yaro ya taɓa aikin ba, kamar asibiti, a haɗa shi da mai aikin ya ba shi labarin ranarsa tun daga fita gida, a kuma sa shi jinyar wani dattijo a dangi na 'yan kwanaki. Kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin matasan zango za su iya tsara wannan ba tare da jiran gwamnati ba, don a sahun sallar Juma'a guda akwai fita, wato makanike, akwai nas, akwai lauya, akwai mai walda, akwai malamin jami'a.

In an tsayar da shawara a kan koyon sana'a, zaɓen masta ya kai zaɓen sana'ar muhimmanci. Dokar yara ta 1998 ta sa shekara 15, ko gama karatun farko, a matsayin mafi ƙarancin lokacin fara koyon sana'a, ta kuma ɗora wa mai koyarwa nauyin koyarwa da kiyaye lafiyar yaro. A ƙirga yaran shago a ƙirga kayan aiki. Shagon da ke da yara goma sha biyu da keke uku, yarinya za ta shekara tana guga da sa maɓalli da aiken sayen abinci. A tambayi ina waɗanda ya yaye suke, a je a ga biyu daga cikinsu. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu: kuɗin shiga, tsawon lokaci, wanda yawanci shekara uku ne, wa ke ba da abinci, da abin da za a kawo ranar yaye, don a nan rigima ta fi tashi, yaro ya gama koyo amma a riƙe shi shekara guda don gida ba su haɗa kayan yaye ba. Sannan kada a tsaya a takardar masta. Akwai jarrabawar gwanintar aiki da ake yi da hannu ƙarƙashin tsarin koyon sana'a na ƙasa wanda hukumar CTVET ke kula da shi, tsari mai matakai takwas da ya fara daga shaidar gwaninta ta farko ya haura har digirin fasaha. Mai wayarin gida kuwa sai ya ci jarrabawar Hukumar Makamashi ya sami lasisi, in ba haka ba aikinsa zai yi, wani mai lasisi ya sa hannu ya karɓi rabo.

Sai lissafin lokaci da aljihu, wanda masu cewa "bi zuciyarka" ba sa son a taɓo. Likitanci shekara shida ne a jami'a, da biyu na aikin horo a asibiti. Difloma ta nas shekara uku ce, sai jarrabawar lasisi, sai shekarar hidima, sannan jiran gwamnati ta ɗauka, jiran da kan kai shekaru. Kwalejojin horon malamai sun koma digiri na shekara huɗu tun 2018, su ma da jarrabawar lasisi a ƙarshe. Mai koyon walda zai gama a shekara uku, amma ranar yaye ba shi da injin walda, ba shi da garinda, ba shi da rumfa, kuma in ba a fara tara masa tun shekarar farko ba, ko da susu ne, wato adashe, zai koma tuƙa pragya, wato babur mai ƙafa uku na haya, da takardar yaye a ƙarƙashin katifa. Gida ya zauna ya faɗi gaskiyar shekara nawa zai iya ɗaukar yaro ba ya kawo komai. In ƙarfin bai kai doguwar hanya ba, a nemi gajeriyar da ke cikin fage ɗaya, wadda za a iya ɗorawa a kanta daga baya, kamar babbar difloma ta HND da ake ƙarasawa zuwa digiri ana aiki.

Wanda kuwa ya riga ya girma, yana cikin aikin da ya iya amma ba ya so, shawarata kada ya ajiye shi da zafin rai, musamman in akwai bakuna da ke ci a hannunsa. Ya ba abin da yake so yammacinsa da Asabar ɗinsa na tsawon shekara guda, ya kuma sa masa farashi tun da wuri, don aikin kyauta kowa na yabawa. In baƙi sun fara biya suna dawowa, ya tara abin da zai riƙe gida wata shida kafin ya sauya. In hanyar ta karatu ce, ƙofar ba ta rufe ba: ana gyara darasin da ya faɗi ta Nov-Dec, kuma jami'o'inmu na karɓar wanda ya kai shekara 25 ta hanyar jarrabawar shiga ta manya, wasu da azuzuwan yamma da na ƙarshen mako, ta yadda fita a Suame ko mai shago a Alabar zai iya zama a aji ba tare da ya rufe wurin neman abincinsa ba.